Sunan da Umma Take Kira

Yaya ce ta buga mini waya ina ofis. Ta ce Umma ta ƙi cin abinci a asibiti, ba abin da take yi sai kiran sunana.

Na ajiye wayar ina jin daɗi, Allah ya yafe mini. Ciwon mantuwa ya kwashe wa Umma komai, har sunan Baba, mutumin da ta yi rabin rayuwarta tana faɗa da shi. Cikin 'ya'ya biyar, nawa kaɗai ya rage mata. A mota na riƙa shirya yadda zan yi tawali'u a gaban 'yan'uwana.

Na same ta a gadon kusa da taga, Yaya riƙe da kwano, Gwaggo ƙanwar Baba tana ɓare lemo a kujerar roba. Umma ta dube ni, ta gyara mayafi.

"Sannu, malam. Ba ka ga yarona a waje ba?"

"Ni ne, Umma. Ga ni."

Ta ƙara dubana, irin duban da ake yi wa kayan da aka canza maka a kasuwa.

"A'a, kai na biyun ne. Na farkon nake nema."

Na juya wajen Yaya. Nan take ƙasan kwanon ya zame mata abin kallo.

"Au, ba su taɓa gaya maka ba?" in ji Gwaggo, ba ta ma daina ɓare lemon ba. "An yi wani kafin kai. Ƙyanda ta ɗauke shi yana ɗan shekara biyu. Da aka haife ka, ubanka ya ce suna mai kyau ne, ba a bar shi ya tafi a banza ba."

Baba ke nan. Ko kwalbar mai ba ya yarwa.

"To yaron da ya fara tafiya tun bai yi haƙori ba? Wanda ya ciji likita?" na tambaye ta.

"Shi ne, Allah ya jiƙansa. Wuta ne yaron nan."

Labaran nan Umma ta raine ni da su, da sunana a ciki. Na ba matata tun muna neman aure. Na ba 'ya'yana duk lokacin da suka kawo sakamako maras kyau.

"Ni fa, Gwaggo? Yaushe na fara tafiya?"

"Kai? Ka dai yi, tunda ga ka ka zo da ƙafarka."

"Yaya, kin sani?"

"An ce kar a faɗa maka kana ƙarami," ta ce a hankali. "Daga baya kuma ka yi girma da yawa."

Nas ta leƙo ta ce in mama ba ta ci ba, ba maganar ba ta magani. Umma ta sake kiran sunan, da wata murya mai taushi da ban taɓa jin an kira ni da ita ba.

"Don Allah ka amsa mata," in ji Yaya. "Me zai rage ka da shi?"

Na karɓi kwanon, na zauna a bakin gado.

"Shi ya aiko ni, Umma. Ya ce ki ci."

Ta buɗe baki ta karɓi cokali ɗaya, ta ƙara wani.

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ka gaishe shi," ta ce tana tauna. "Kai ma an gode. Ɗan gidan wa ne kai?"