Ƙarar Ruwa Bayan Abincin Rana

Shekara talatin yana gyaran famfo, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Famfo yake ce masa. Idonsa ya fara rauni, amma kunnensa sai a hankali: daga inda yake zaune yana iya faɗa maka wane famfo aka buɗe a gidan, da abin da aka tara a ƙarƙashinsa.

Da kunnen nan ya gano ciwon 'yarsa Auta bara. Kullum aka gama cin abinci sai ta shige banɗaki ta saki ruwa gaba ɗaya. Ruwan wanke hannu yana yankewa, na bokiti sautinsa yana sauyawa in yana cika. Wannan kuwa zuba kawai yake cikin kwami, minti goma, babu abin da ya taɓa shi. Ashe ƙarar amai take rufewa da shi. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a makarantar da take koyarwa, likita ta nuna masa haƙoranta da suka zaizaye da tabon da cusa hannu a maƙogwaro ya bari a bayan yatsunta. Ta ce sunan ciwon bulimiya, ta kuma faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa zuciyar yarinyar ba za ta jure a sake komawa ba.

Wata biyar ke nan da sallamarta daga asibiti. Likita ta kafa masa sharaɗi: su riƙa cin abinci tare, amma ban da laɓe, ban da bincike. "In ka zama ɗan sanda, za ta zama ɓarauniya," in ji ta. Shi da ya cire sakatar banɗakin, da hannunsa ya mayar da ita.

Ranar Talata ƙanwarsa ta kawo ziyara. Mace ce mai kirki, sai dai bakinta ba shi da birki. Ta kama kumatun Auta tana dariya.

"Yaya, me kake ba 'yar nan? Dubi yadda ta ciko! Sai an buɗa miki rigunanki."

"Na gode, Gwaggo," Auta ta ce, ta yi murmushi, ta cinye shinkafarta tas.

Baƙuwa na fita ya ji famfon banɗaki. Zuba ɗaya, babu yankewa. Ya zauna a kujerarsa yana kallon agogon bango har minti goma sha ɗaya. Ta fito fuska a bushe, ta wuce ɗakinta. Ya ƙyale ta, don likita ta hana shi bincike.

Laraba ma haka. Ya riƙe jarida a gabansa, bai karanta ko layi ɗaya ba. Tsoro ne ya cika shi.

Alhamis ruwan ya wuce minti goma sha biyar yana zuba. Mai Famfo ya miƙe, ya fita bayan gida inda babban makullin ruwa yake a gindin bango. Ya san abin da zai faru: in ya murɗa shi ruwa zai ɗauke, duk abin da ke bayan ƙarar zai fito fili. Ya kuma san in ya murɗa, wata biyar na yarda sun tafi. Ya daɗe a tsugune da hannunsa a kan ƙarfen. Sai ya tuna yadda ya same ta a gadon asibiti, wayoyi manne a ƙirjinta. Ya murɗa.

Bututun ya yi tari sau biyu, gidan ya yi tsit. Ya dawo ciki a hankali ya tsaya a bakin ƙofar banɗakin. Ba ya jin komai sai numfashi.

"Baba, kai ne?"

"Ni ne, Auta."

"Turo. Ban sa sakata ba."

Tana zaune a ƙasa, ta jingina da bango, ta danne hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta. Kwamin fes yake.

"Ban yi ba," ta ce. "Ina so in yi, Baba. Tun da Gwaggo ta yi maganar nan nake so."

"To ruwan fa?"

"Na kasa buɗe baki in kira ka. Na san kunnenka. Na ce in na buɗe shi irin na dā, za ka ji, ka zo."

Ya zauna a kan tayil ɗin kusa da ita, dattijo guda da shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na ji, 'yata. Tun ranar Talata nake ji."

"Na sani. Na jira ka."

Ya kamo hannunta na dama ya juya shi. A bayan yatsu biyu, kan tsohon tabon, akwai sabon jan ƙwarzane wanda bai gama bushewa ba.

"Jiya fa, Auta?"

Ta kalli famfon. Sauran ruwan da ke cikin bututu yana ɗiga ɗaya-ɗaya cikin kwami.

"Jiya ba ka zo ba, Baba."