'Yan Tsiraran Lorna

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Lorna a ƙarshen hunturu, kalma biyu suka rage mata a baki, "a'a" da "to". Matar da duk ƙauyen nan nasu na jihar Ohio a Amurka ba mai ja da ita a magana, sai ga ta a keken guragu bakin taga, tana kallon lambunta kamar baƙuwa. Rubutu ma ya gagara, haruffan sun gudu daga kanta.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne fangalin da ke tsakanin ƙofar baya da bishiyar tuffa. Nan ta binne albasar wani fure mai fitowa lokacin kaka, wadda ta haƙo daga gidan mahaifiyarta kafin a rushe shi. Furen nan halinsa sai wanda ya zauna da shi. Hunturu na wucewa ya fitar da ganye fala-fala, zafi na shigowa ganyen ya bushe ya ɓace, sai ka rantse ba komai a wurin. Can cikin Satumba furanni su ɓullo, ruwan hoda, wuya siriri, ko ganye ɗaya babu. Shi ya sa matan unguwa ke ce musu 'yan tsirara. Ba sa iya tsayuwa da kansu, yayyafi ma kwantar da su yake yi. Don haka Lorna ta shuka musu ciyawa mai yaɗo a kai, su ratso ta cikinta su jingina. Tun ƙuruciyarta take wannan haɗi.

Ɗanta Harlan ne ya baro birni ya dawo jinya. Mutumin kirki ne, furfura har ta fara masa, amma shi a wurinsa duk abin da ba wardi ba ciyawa ne. Wata safiya cikin Yuli ta hango shi yana kafa turaku a fangalin, yana ja musu igiya.

"Mama, na gaji da ganinki a taga kamar hoto," in ji shi da ya shigo. "Hanyar siminti zan zuba miki, daga ƙofa har gindin tuffa, ki riƙa shan iska."

"A'a."

"Ai na sani. Tun da kika haife ni ban taɓa kawo shawara kin ce to ba."

"A'a! A'a!" Ta buga hannun keken da hannunta mai lafiya, ta nuna fangalin.

"Wannan yaɗon? Haba Mama, ɗakin macizai ne fa. Wardinki kuwa ko taɓa shi ba zan yi ba, na rantse."

Mutum ɗaya ce za ta iya fahimtar da shi, maƙwabciyarta Wilma, ita kuwa ta tafi Oregon wurin 'yarta da ta haihu. Lorna na ji tana gani ya nannaɗe yaɗon kamar tsohuwar tabarma ya kai bola. Shebur ya tono albasa biyu, Harlan ya ɗaga mata su ta taga yana dariya.

"Tsohuwa, har albasar miya kika manta a nan!"

Ranar da motar siminti ta zo, Lorna ta yi kuka har rigarta ta jiƙe. Harlan ya ɗauka na daɗi ne, ya sumbace ta a ka. Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta rasa inda za ta kai ko ɗaya.

Wilma ta dawo a tsakiyar Satumba. Ta same su a kan sabuwar hanya, Harlan na tura keken, ita Wilma kuma riƙe da kek ɗin tuffa.

"Ke 'yar gari, har yanzu ba ki mutu ba?" Ta ajiye kek ɗin a cinyar Lorna, ta waiwaya. "To ina 'yan tsiraran? Su na zo gani, ba ke ba."

"Waɗanne 'yan tsirara kuma?" in ji Harlan.

Wilma ta dubi simintin da take tsaye a kai, ta dubi bishiyar tuffa, ta dafe ƙirji.

"Kai ɗan nan, me ka yi? Furannin kakarka ne a nan ƙasa!"

"Ba komai a wurin, Anti Wilma. Ciyawa ce kawai."

"Ciyawa? To zo ka gani, sarkin aiki."

A gefen simintin, furanni guda uku sun samu sun lanƙwaso sun fito. Ruwan jiya ya kifar da su, fuskarsu cikin laka. Harlan ya durƙusa yana kallonsu.

"Mama, su nawa ne a ciki?"

Lorna ta ɗaga hannu, ta ja shi a hankali daga ƙofar baya har gindin tuffa.

"Zan fasa shi," in ji Harlan. "Yau ɗin nan zan aro guduma. Za su tashi, ko Mama? Ki ce to."

Tana da kalmar a bakinta, amma ba ta san ko gaskiya ce ba. Harlan ya sa yatsa ya ɗago fure ɗaya, ya share masa laka da bakin rigarsa, ya tsayar da shi. Yana janye hannu, furen ya koma ya kwanta.