Abin da Ke Bayan Kalanda

Kwana uku mahaifiyata, Doña Eufemia, ta yi tana shafa wa gidanmu fenti don ta ɓoye shatin ambaliya. Ran da mai son sayen gidan ya turo Injiniya Nicanor ya duba ginin, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ya hau rufi, ta bi shi da ido. Ya ƙwanƙwasa bango, ta miƙa masa gahawa karo na uku.

"Doña, so kike zuciyata ta buga kafin in gama?" in ji shi yana dariya.

"Sha kawai, ɗana. Gidan nan ruwa bai taɓa shigarsa ba."

A ƙofar kicin ya ɗaga wata kalanda da aka rataye daidai ƙugu. Babu sabon fenti a bayanta, sai layukan fensir na marigayi Baba. Duk shekarar da kogin Yuna ya shigo mana, yakan ja layi inda ruwa ya tsaya, ya sa kwanan wata.

Nicanor ya ƙirga layuka biyar.

"Me ya hana ki shafe wannan?"

Mama ta zauna, karon farko tun safe.

"Rubuta abin da ka gani. In ya so gidan ya ƙi sayuwa. Rubutun mijina dai ba na shafe shi."