Kwalekwalen Robobi

Direban bas ne, layinsa kuma a bakin tafki yake ƙarewa, inda kwalta ke sallama wa yashi. In fasinjan ƙarshe ya sauka, sai ya kashe mota ya bi kujeru yana tsintar abin da aka bari: robobin ruwa da gwangwanayen lemo, wasu ma da sauran sanyi a jikinsu. Ya zuba a buhu ya kai gida. Matarsa ke ɗauraye su da ragowar ruwan wanki, ta tattake gwangwanayen su lotse, ƙarshen mako ta kai wa mai sikeli.

Kwatsam sai ta lura gwangwani zalla yake kawo mata.

"Baban yara, mutanen motarka sun daina jin ƙishirwa ne?"

"Zamani ne," in ji shi, yana kallon silin. "Yanzu kowa da gorarsa yake yawo."

Ta san halin kayanta, in zai yi ƙarya sama yake kallo. Amma ta bar kaza cikin gashinta.

Wata safiya da ba shi da aiki, ya ce ta sa takalmin da ba ta tausayi, za su fita. Suka gangara bakin tafki. Farin tururi na kwance a kan ruwan, ba a ko hango tsallake. Ya kutsa cikin ciyayi ya yaye wani tsohon tamfol.

Ga robobinta nan birjik, kowace da murfinta, an cusa su cikin raga an ɗaure tamau a ƙarƙashin wata tsohuwar ƙofar katako. A tsakiya ya kafa kujerar bas mai cin mutum biyu, wadda aka yar a gareji.

"Kullum cewa kike ba ki taɓa hawa ruwa ba," ya ce.

"Cewa na yi ban taɓa ba. Yaushe na ce ina so?"

Duk da haka ta tattare zanenta ta hau. Robobin suka yi ƙara a ƙarƙashinta, suka nutsa kaɗan, suka taso. Ya tura kwalekwalen da ƙafa, ya faɗo kusa da ita yana haki.

Sannu a hankali gaɓa ta ɓace. Ba gini, ba hon, sai su biyu cikin fari fat, kamar an ɗora su a kan gajimare. Da rana ta fara hudowa, haske ya ratsa robobin, kore da shuɗi suka riƙa wasa a kan ruwa. Ta leƙa ta tsagar ƙofar ta ga ƙananan kifaye na bin su, suna sumbatar gindin robobin. Ta tsoma hannu. Ruwan da ɗumi, ba yadda ta zata ba.

Shi kuwa fama yake da filafilin da ya sassaƙa da katako don tuƙi. Ya tura dama, kwalekwalen ya juya hagu. Ya tura hagu, suka kewaya a wuri ɗaya.

"Ba kai ne ka ce babu abin da ba ka iya tuƙawa ba?"

"Wannan ba shi da birki, Maman yara."

Garin dariya filafilin ya suɓuce daga hannunsa. Suna kallo ya yi tafiyarsa cikin tururi. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ji faɗan bai zo ba. Ta jingina da kujera ta bar iska ta yi tuƙin.

Wani farin tsuntsu ya sauka a gefen ƙofar, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tashi. Can wata robar da aka yar ta zo wucewa tana lilo. Hannunta ya miƙa da kansa ya cafke ta. Daga nan duk wadda ta gifta sai ta kamo, har cinyarta ta cika.

Rana ta take tsaka kafin ƙofar ta gogi yashi. Wani masunci da ke gyaran koma ya miƙe yana kallonsu baki sake.

"Daga ina haka, bayin Allah?"

"Daga tsallake," ta ce, da muryar wadda ta keto duniya.

Masuncin ya zagaya kwalekwalen, ya danna shi da ƙafa, ya jinjina kai. Ya ɗaure musu shi a turkensa, ya ce su zo duk ranar da suka ga dama, shi zai ara musu filafili na gaske.

Bas suka hau zuwa gida, ƙafafunsu sharkaf, robobin tsintuwa ƙunshe a mayafinta. Mijin ya zauna jikin taga yana gunaguni kan yadda direban ke sauya giya. Kafin su kai kasuwa barci ya kwashe shi, kansa a kafaɗarta. Da aka zo tasharsu, kwandasta ya dube ta. Ta girgiza masa kai, motar ta wuce da su.