Cikin Da Bai Farka Ba

"Ajiye kwandon nan, Inna Sieni," na ce, ina tsallake shingen da ya raba gidajenmu.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai jera gwaza take yi da ƙunshin ganye mai madarar kwakwa, da zafinsu, yanzu aka tono su daga zafafan duwatsun da muke gasa abinci da su. Lahadi ce, an taso daga coci, hayaƙi ya rufe ƙauyen.

Mijinta, Baba Afoa, wanda za ta kai wa kwandon, shi ne mai sarautar gidansu. Yana kwance a asibitin babban birninmu Apia inda nake aikin jinya, an yanke masa wani sashe na hanji da ya toshe. Jiya da hannuna na ɗora abin saurare a cikinsa: shiru kake ji, ga shi ya kumbura tim kamar ganga.

"Inna, hanjinsa bai farka ba. Duk abin da ya ci ba shi da hanyar wucewa, sama zai dawo. Ku bari sai iska ta fita tukuna."

"Iska!" Ta tafa hannu. "Ku ji min yarinya! Ke ce jiya kika tsaya kan mai sarauta kina tambayarsa ko ya yi tusa? Ni na wanke miki kashi, Tala, yau ke za ki koya min ciki?"

"Ruwan da ake ƙara masa ya ishe shi."

"Ruwan gishiri abinci ne? Yau Lahadi. Bai kai loma ba, wa zai ci a gidan nan?"

Nan ne gizo ke saƙar. A wurinmu babba ke fara ci, yara na yi masa fifita, sai ya wanke hannu sauran su zauna. Na roƙe ta, na buga wa abokiyar aikina waya. Amma ita kaɗai ce ke kula da gadaje fal ɗaki, su kuwa dangi guda ne, kuma labule ba ya tona asiri.

Jikarsa ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ya kalli abincin, ya kalli yaran da aka jera masa da yunwa a fuska, ya ce, "To, bari in buɗe muku hanya." Ya ci kaɗan. Kafin su gama nasu ya fara amai, kore shar, aman ya sarƙe shi ya gangara huhu. Ranar Laraba ya cika.

Na yi kuka, amma haushi ya fi kukan yawa. Mutumin da yake ajiye min mangwaro tun ina tsirara, gwaza ta kashe shi, da hannun masu ƙaunarsa.

A wurin makoki ina raba shayi na ji Inna Sieni tana gaya wa matar fasto, da ƙarfi don in ji:

"Yunwa suka kashe shi da ita. Allah ya sa dai na samu ya ɗan taɓa wani abu kafin ya tafi."

Matar fasto ta ce, "Kin yi ƙoƙari, uwa."

An binne shi a ƙofar gida, kamar kowa a ƙauyenmu. Yanzu kullum da safe in zan fita aiki, tana zaune a kan simintin kabarin tana tsefe gashinta, ta ba ƙofata baya.