Wa Ya Ɗanɗana Miyar Yau

Ina da shekara arba'in da takwas jikina ya fara yi mini rashin kunya. Ni Mariatu, wadda duk layin kasuwar Nima aka sani da sauke tukunyar wake da shinkafa daga kan murhu ba tare da na ce wani ya kama mini ba, sai ga ni ina laluben bango kafin in miƙe. In kwanta lafiya lau, in farka kamar wadda ta kwana tana daka. Diddige ba ya son taɓa ƙasa. Yatsu su sanƙare, sai na murza su da man kaɗe kafin su yarda su riƙe buta. Ƙugu kuwa ba a magana. Ga wani zafi da ke taso mini daga ƙirji babu sallama, ya haye wuya, ya jiƙa mini ɗankwali, ya wuce abinsa.

Mijina Gafaru direban tasi ne, mutumin kirki, amma a wurinsa duk ciwon duniya zazzaɓin sauro ne. Sau uku yana kawo mini ƙwayoyi daga kantin magani, sau uku ina sha don kada ransa ya ɓaci. A na huɗu na ɗauki mayafina na tafi asibitin unguwar Maamobi.

Nas ɗin yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta auna jini, ta auna hawan jini, sannan ta tambaye ni rabona da al'ada. Na ce wata huɗu. Kafin nan takan zo sau biyu a wata, sai ta ɓace, sai ta faɗo mini a tsakiyar kasuwa.

Ta ce, "Mma, ba ciwo ba ne. Al'ada ne yake shirin ɗaukewa. Zai tafi, ya dawo, ya sake tafiya, kafin ya tafi gaba ɗaya."

Ƙarshen maganar ban saurara ba, don tun daga "Mma", kiran da ake yi wa tsofaffi, kunnena ya toshe. Na ji haushi, na ji kunya, kuma ban san wa zan kama da faɗa ba. Daga Maamobi har gida a ƙafa na taka, don kada in zauna a motar haya ta trotro wani ya ga idona.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki goma sha huɗu, a wani lungu bayan kasuwa. Mai gidan ya daɗe da rasuwa, matarsa Hajiya Wadia ce ke riƙe da mu. Ta haura tamanin, tana zama a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi, kuma babu abin da ke wuce ta. Ranar tana ganina ta yafito ni.

"Zo nan, 'yata. Tun yaushe nake ganin kina sauka daga dakali da gefe. Ya ɗauke ne?"

Na sunkuyar da kai. Ta yi dariya har carbin ya faɗi.

"To mene ne na ɓata fuska? Kin iso wurinmu ke nan. Bana za ki kai azumi cif, babu ramuwa. Bari in aika a sayo mayafi."

A gidan nan muna da al'adu biyu na azumi, duk Hajiya Wadia ce ta kafa su tun ba mu zo ba. Ta farko, duk matar da ta kai azuminta daga ɗaya har ganin wata ba tare da fashi ba, karon farko bayan jini ya bar ta, tsofaffin gidan za su yafa mata farin mayafi da safiyar Sallah, ta shiga tsakiyarsu su tafi idi tare. Daga ranar ba a ƙara aiken ta, ba a katse mata magana, in an yi haihuwa ita ake fara miƙa wa jariri. Ta biyu kuwa ta tukunya ce. Kowane azumi matan gidan ne ke yin tuwo da miyar ayoyo don masu buɗe baki a ƙaramin masallacin bakin lungu. Malamai sun ce mai azumi tana iya ɗanɗanawa ta tofar, amma a gidanmu ba a yi. Wadda take fashin salla ita ce ke ɗanɗana gishiri. Mata sun fi ashirin a gidan, da wuya a rasa guda.

Miyar kuwa tawa ce. Shekara goma sha tara ni nake haɗa ta, ni nake sa kanwa, ni nake sa daddawa da busasshen kifi, ni nake kaɗa ta. Amma harshe sai na wata, sai in nawa makon ya zo. Shi ya sa Malam Iliasu, ladanin masallacin, wanda yake dawo da kwanuka kullum bayan magariba, duk shekara yakan tsaya a soro ya ce, "Ni dai ban gane ba. Kowane azumi akwai wani mako da miyar nan take fita daban." Mu kuma mu danne dariya mu ce albarkar wata ce.

Daga ranar da Hajiya ta ambaci mayafin nan, zuciyata ta sami abin riƙewa. Jiki ya ƙwace mini barci mai daɗi, ya ƙwace mini ƙarfin hannu, ya sa yara suna ce mini Mma. To, ga abu guda da zai biya ni da shi. Tun ina shekara goma sha uku ban taɓa kai azumi ba, kullum sai na yi ramuwa ni kaɗai bayan Sallah ana ci a gabana. Na ce bana sai na shiga tsakiyar tsofaffin nan da kaina a sama.

Azumi ya kama, ban ji da daɗi ba. Tashin sahur ya zame mini aiki guda: in zauna a bakin gado, in jira gwiwa ta amince, in sauke ƙafa ɗaya, in jira, in sauke ɗayar. Gafaru ya ce in bar fita da waken safe tunda masu saye sun ragu, na bari. Ya ce in bar miyar masallaci ma, na kalle shi sau ɗaya, bai sake faɗa ba. Da la'asar ina tsaye a gaban gawayi, wutar murhu ta waje, tawa ta ciki, gumi yana bin bayana har zani, maƙogwaro ya bushe, ga tulun ruwa a gefe. Ban taɓa shi ba. Kowace magariba in ɗaga yatsa in nuna wa Hajiya Wadia, ita kuma ta gyaɗa kai.

Ban ɓoye alfaharina ba, gaskiya. Na gaya wa mai kifi, na gaya wa mai gawayi, na buga wa 'yata waya a Kumasi na gaya mata. Na ma leƙa ɗakin Hajiya na ga mayafin, fari tas, da ɗan aikin zare a bakinsa, an goge an ninke a saman akwati.

Wadda ta fi damuna ita ce Ruhaina, amaryar ɗakin da ke kusa da famfo. Shekararta ashirin da uku, bakinta ba ya hutawa, Hausarta irin ta 'yan Maamobi ce, a gauraye da komai. Ita ce ta yi mana ɗanɗano a makon ƙarshe, kuma harshenta da babu duk ɗaya. Ko ruwan zafi ka ba ta sai ta lashe baki ta ce ya yi.

"Anti Mariatu, ya yi daɗi paa," in ji ta kullum.

"Gishirin nake tambaya."

"Gishiri ma yana ciki." Sai ta dube ni ina dafa ƙugu ta ƙara da, "Ei, Anti ya tsufa fa. Za mu saya maki sanda na Sallah."

"Ki sayo biyu, ki ajiye ɗaya. Layi ɗaya muke, ni dai na riga ki isa."

A daren ashirin da biyar Malam Iliasu ya ajiye kwanuka. Ya ce, "Bana dai makon nan bai zo ba." Na ji daɗin maganar har cikin ƙashina da ke ciwo.

Ranar ashirin da tara na tashi da ciwon da ya fi na kullum, mara ta ɗaure, baya kamar an ɗora mini buhun masara. Na ce gajiyar wata ce. Gari ya ɗauki zancen ganin wata, teloli suna ta zuga keke, yara suna ta kai da kawo da kaji. In an gani, gobe Sallah. Da rana Hajiya Wadia ta sa aka fito da mayafin aka rataye shi a igiyar ƙofarta don ya sha iska, duk mai wucewa sai ta taɓa shi ta kalle ni.

Bayan la'asar na ɗora miya. Na kaɗa ayoyo, na zuba kifi, na sa gishiri da ƙiyasi kamar kullum, sannan na ce a kira mai ɗanɗano. Babu wadda ta fito. Ruhaina ta yi wanka tun safe, ta ɗauki azumi. Aka bi ɗaki ɗaki, babu ko mace ɗaya mai fashi. Abin da bai taɓa faruwa ba ya faru a ranar ƙarshe.

"Sai a kai hakanan," in ji wata. "Mai yunwa ba zai tsaya bincike ba."

Na bar ludayi na zagaya bayan gida da buta. A nan na gani. Bayan wata biyar, saura abin da bai kai awa guda ba a kira salla, ga shi ya dawo.

Na daɗe a tsaye a wurin, hannuna a kan ƙofar langa-langa. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba, kukan haushi, ina cije mayafi don kada a ji. Sai maganar nas ɗin nan ta dawo mini, ƙarshen da na ƙi saurara. Na lissafa abin da ke gabana sarai. Babu wanda ya gani. In fita, in zauna, a kira salla, in kurɓi koko tare da kowa. Gobe a yafa mini mayafi, bayan Sallah in rama guda ɗaya a ɓoye. Ramuwa a ɓoye ai na saba da ita. Amma da na hango kaina a tsakiyar tsofaffin nan, Hajiya Wadia tana gyara mini bakin mayafi da hannunta, sai na ji ba zan iya ɗaga kai ba. Ni kuwa don ɗaga kai nake son mayafin.

Na kimtsa, na wanke fuska, na wanke hannu, na fito. Tsakar gida cike take, ana kwashe tuwo, ana jera kwanuka. Na wuce igiyar da mayafin ke rataye ban kalle shi ba. Na isa gaban tukunya, na ɗauki ludayi, na ɗebo, na zuba a tafin hannu, na kai baki. Na haɗiye, yadda kowa zai ga maƙogwarona ya motsa.

Muciya ta tsaya a hannun mai tuƙi. Ruhaina ta dafe baki.

"Ei, Anti..."

"Miƙo mini gishiri," na ce. "Da daddawar da ke cikin gwangwani. Wata guda ke nan kuna ciyar da bayin Allah lami."

Babu wadda ta yi dariya. Ruhaina ta miƙo da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa, ita da ba ta san komai ba sai tsokana. Na ƙara gishiri, na marmasa daddawa, na jira ya tafasa, na sake ɗanɗanawa. Saura kaɗan. Na ƙara ɗan yatsa uku, na kaɗa, na ɗanɗana na uku, na ce a zuba.

Hajiya Wadia ta sa aka sauke mayafin. Ta ninke shi da kanta a kan cinyarta, a hankali, ta kira ni da hannu. Na durƙusa, gwiwa tana ƙara.

"Nawa shekara uku ya yi a akwati," ta ce. "Ni ma sai da jinin ya yi mini wasan nan. Naki ne, ba mai taɓa shi."

Aka kira salla. Kowa ya shiga sahu a kan tabarmi, ni na zauna a kan turmi ina shan koko, ƙafata a miƙe. Ba a jima ba aka ji ihun yara daga bakin titi, an ga wata.

Malam Iliasu ya iso da kwanuka, an suɗe su kamar an wanke. Bai tsaya a soro ba yau, har bakin tsakar gida ya leƙo, hularsa a karkace.

"Yauwa! Ga ta nan! Tun farkon wata nake jiran wannan miyar. Liman sai da ya ƙara. Don Allah me kuka sa mata yau?"

Matan suka sunkuyar da kai, wasu suka shige ɗaki. Na dafa turmi na miƙe. Sai da na ɗauki lokaci, kowa yana kallo, ƙugu ya yi ƙara, diddige ya yi gardama, amma na miƙe tsaye sosai.

"Ba a sa mata komai ba, Malam," na ce. "Ni na ɗanɗana."