Gidajen Zanzaro a Kubbar Sarakuna

Ni ce na rubuta rahoton da ya ce a rushe kubbar hubbaren sarakuna. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Shafi goma sha ɗaya ne, da hotuna, da sa hannuna a ƙasa, har da 'yar lanƙwasar nan da nake yi idan ina ji da kaina. Ni injiniyar gine-gine ce, kuma dalilina a fili yake. Akwai tsaga a kubbar, ta taso daga saman tagar gabas ta haura kusan tsakiya, ga mutane kullum a ƙarƙashinta, 'yan makaranta da baƙi masu ɗaukar hoto. Kwamitin kula da tsofaffin gine-gine zai zauna ranar Alhamis. In sun amince, za a sauke kubbar a zuba rufin kankare.

Mutum ɗaya na ɓoye wa maganar, shi ne Baba, mahaifina. Shekara arba'in ya yi yana maginin hubbaren, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, idanunsa suka mara musu baya. Na san ba zai ji daɗi ba, ni kuma ba na son musu da tsoho.

Ranar Talata na hau katakon da aka kafa a ciki don in yi awo na ƙarshe. A kan tsagar na ga waɗansu dunƙule-dunƙulen ƙasa a jere, ƙura da kashin jemage sun rufe su. Na ce a raina, wato ban da tsufa har zanzaro ya samu wurin gina gidaje. Na sa cokalin gini na kankare guda uku da ke kusa da ni, na ɗora ma'aunina, na sauko ina kakkaɓe hannu.

Da la'asar na biya gida in gaishe su. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa da rediyo a cinya. Hira ta kawo hira, bakina da ba ya riƙe abu ya ce, "Baba, hubbaren naku ya zama na zanzaro. Yau ma gidajensa uku na kankare a kan tsagar nan."

Ya kashe rediyon.

"Nawa kika ce, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uku, Baba."

"Daga sama ko daga ƙasa?"

"Daga ƙasa, inda hannuna ya kai."

Sannan ya tambayi abin da ya kai ni kan tsagar da ma'auni. Babu mafita, na zayyana masa komai, har ranar zaman kwamiti. Na shirya wa faɗa, amma bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Gobe da safe ki zo ki ɗauke ni."

Mai Makulli, tsohon da ke gadin wurin, yana hango Baba ya saki tsintsiyarsa ya taho da sauri. "Maigida! Ashe kana nan da ranka? Na ɗauka sai an kawo ka kwana kusa da su."

"Su sarakuna ne, ni magini," in ji Baba. "Ko a can ba za a haɗa mu ɗaki ba. Buɗe mana."

Na shiga hubbaren nan ya fi sau talatin, amma kullum tsagar nake zuwa gani. Ranar, da yake ina riƙe da hannun Baba, dole na yi tafiyarsa, a hankali. Sanyin dutsen ya ratso tafin ƙafata. Kaburbura goma sha huɗu a kwance, sahu biyu, gefunansu sun yi sulɓi saboda shafar hannuwa. Waɗannan mutane ne da a zamaninsu ba a ɗaga kai a dube su, yau ga tantabara tana yawo a kan na farkonsu. Hasken safiya ya shigo ta tagogi takwas ya haɗu a sama, kubbar ta yi kamar ba a kan bango take zaune ba. Baba ya yi gyaran murya kaɗan, sautin ya zagaya ya dawo mana daga baya.

Ya zauna a gindin katakon ya miƙo mini ɗan burushi mai laushi daga aljihunsa. "Hau. Ki bar cokalin nan a ƙasa. Ki share na farko da kika tarar, a hankali, ki gaya mini abin da kika gani."

Na hau, na wuce tabo uku farare da na bari jiya. Na share dunƙule na huɗu, na haska tocila. Ba gidan zanzaro ba ne. Farar ƙasa ce da aka kwaɓa, faɗinta bai fi na kwabo ba, an manna ta a kan tsagar, rabi a wannan gefe, rabi a wancan. A tsakiyarta akwai shatin babban yatsa, har zanen fatar ana gani.

"Baba, yatsan mutum ne!"

"Ya fashe?"

"A'a."

"To, ƙara gaba."

Muryarsa tana iso ni tar kamar a kunnena yake magana. Ya ce tsagar nan tun shekarar da aka gama ginin ta fito, lokacin da kubbar ta zauna da nauyinta. Maginin farko bai toshe ta ba. Ya manna mata farar ƙasa ya danna yatsansa, ya ce in ta motsa ko da kaurin gashi ne, wannan zai fashe, sai a fitar da mutane. Duk wanda ya karɓi aikin bayansa, ranar da ya karɓa sai ya hau ya duba na magabatansa, ya sa nasa a ƙasa da su.

Kunya ta rufe ni, don mu ma injiniyoyi muna yin haka. Gilashi muke mannawa, mu jira wata shida. Ni ce na ce ba mu da lokacin jira.

Na ci gaba da hawa ina sharewa. Wani yatsan faffaɗa, wani siriri. Wani an danna shi da ƙarfi har gefen ya tashi, na ce wannan mai zuciya ne. Ina ƙirgawa da ƙarfi, Baba yana amsawa da "Ya fashe?" ina cewa a'a, Mai Makulli yana ta salati. Goma sha uku na ƙirga, babu ko ɗaya da ya tsage.

Na ƙarshe yana can inda sai da na kwanta rigingine a kan katako. Ya yi baƙi ƙirin. Mai yatsan yana da tabo, wani yanka da ya ratsa daga gefe zuwa gefe. Shekara ɗari uku da wani abu, an manta sunansa, ba a rubuta shi a kan ƙofa tare da na sarakuna ba, amma ga inda wuƙa ko dutse ya taɓa yankarsa. Na ɗora yatsana a cikin nasa. Duk nauyin dutsen nan yana bisa fuskata, bai fi kamu ɗaya ba, kuma ban ji tsoro ba ko kaɗan. Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye ba.

Da na sauko na ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"A sama ake faɗa, ranar miƙa aiki. Na jira yayanki, ya tafi sayar da wayoyi. Ke kuma kin zo da hular kwano da takardu, na ɗauka kin fi ƙarfin farar ƙasa."

Na sake hawa na ɗauki hotunan goma sha ukun, na sauko na ce gobe da kaina zan janye rahoton a gaban kwamiti, su yi mini dariyar da za su yi. Haka kuwa aka yi, kubbar tana nan. Amma kafin mu bar wurin sai da na yi tambayar da nake gudu.

"Ukun da na kankare fa?"

"Na sama na maigidan kakanki ne. Na tsakiya na kakanki. Na ƙasa nawa."

Kakana ya rasu kafin a haife ni, ko hotonsa babu. Na dubi Mai Makulli. Ya sunkuyar da kai ya ce tun jiya ya share, motar shara ta kwashe.

Na durƙusa a gaban Baba. Shi kuwa ya laluba aljihunsa ya ciro ƙullin farar ƙasa, ashe da ita ya taho. Ya ce Mai Makulli ya kawo ruwa.

"Na kakanki ya tafi, Uwata, ba mai dawo da shi," in ji shi. "Ni dai yatsana yana nan. Kwaɓa da faɗi, yadda zai ɗauki yatsu biyu, nawa da naki, ki hau da shi kafin ya bushe."